Fenti na ɓarewa a sabon gini: laifin filasta ne ko na fenti?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum masana gini. An yi wa gidana filasta ciki da waje a watan Disamba, tsakiyar hunturu. Bayan kamar kwana 10 aka yi sikiridin (siririn shafin da ake yi a kan filasta don ta yi sumul) a falo da ɗakuna aka bi da fenti, saboda ana gaggawar tarewa. Waje kuma fentin ruwa aka shafa kai tsaye a kan filastar. Yanzu damina ɗaya ta wuce, ga abin da nake gani: bangon gabas ta waje ya cika da ƙananan tsaga kamar saƙar gizo, fentin kuma ya koɗe tabo-tabo. A falo, daga ƙasa zuwa kamar gwiwa, fenti ya kumbura yana ɓarewa, akwai farin gari a bayansa. Sannan akwai tsaga miƙaƙƙiya daga sama har ƙasa daidai inda ginshiƙi ya haɗu da bulo. Katangar da ba a fenta ba kuwa, in ka goga hannu yashi ne ke zubowa.

Mai fenti ya ce birkila ne ya cuce ni, birkila ya ce fentin ne na banza. Wa ke da gaskiya? Kuma akwai sashen baya da ba a yi wa filasta ba tukuna, ba na so a maimaita.

Tsohon Birkila:

Wa alaikumus salam Alhaji. Katangar nan da ke zubar da yashi ita ce shaidarka, domin fenti bai taɓa ta ba. Filastar da ke zuba a hannu ɗayan uku ne ya same ta, ko duka ukun: an yi rowar siminti, ko yashin na da laka, ko ba ta sha ruwa ba bayan an yi ta. Tunda a Disamba aka yi aikin, na fi zargin na ukun.

Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake ci ya kama. A hunturu iska busasshiya ce ƙwarai, tana zuƙe ruwan filasta cikin 'yan sa'o'i, bulo kuma na sha ta baya. Kauri ɗan santimita ɗaya da rabi ne, ba shi da inda zai ɓoye ruwa. Sai fuskar ta tsuke ta tsattsage tun kafin simintin ya kama, abin da ya rage ya zama gari. Bangon gabas kuma shi ke shan ranar safe, shi ne kuma ruwan damina ya fi duka a ƙasar nan, don haka can aibin ke fara bayyana.

Ga yadda za ka sa a yi sashen bayan.

Yashi tukuna. A samo na filasta, a tankaɗe shi da raga a fitar da tsakuwa da saiwa. Kafin tifa ta juye, ka gwada: zuba yashin a kwalba mai haske zuwa tsayin santimita 10, ƙara ruwa da ɗan gishiri, girgiza sosai, ajiye sa'a 3. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta kwanta a samansa. In lakar ta wuce milimita 6 zuwa 8, kada ka karɓa. Leburori da birkiloli na son yashi mai laka don yana da santsi a cokali, yana manne wa bango ba wahala, amma laka na shan ruwa da yawa, in ta bushe ta tsuke ta ja filastar ta tsage. Yashin da ya yi laushi fiye da kima ma haka yake yi; a gauraya shi da kashi ɗaya na yashin kogi mai kaushi cikin uku.

Sai haɗi. Buhun siminti kilo 50 ne, yana cika kwanon sarki 2. Baro ɗaya a shafe kwano 4 ne. Bangon waje da banɗaki: buhu 1, kwano 8 na yashi, wato baro 2. Cikin ɗaki: buhu 1, kwano 10 zuwa 12, iyakarsa baro 3. A shafe nake nufi, ba a tula baro ya yi tozo ba, domin a nan ake cin amana ba tare da an saci buhu ko ɗaya ba. A juya a bushe har launin ya zama ɗaya kafin a zuba ruwa. Kada a kwaɓa abin da ba za a ƙarar cikin kamar sa'a ɗaya ba, kuma kwaɓin da ya fara kamawa ba a ƙara masa ruwa a farfaɗo da shi, zubarwa ake yi. Lissafin da za ka riƙe: buhu 1 a haɗin waje, a kaurin milimita 15, ba ya wuce murabba'in mita 9 ko 10. In aka ce maka buhu ɗaya ya rufe mita 20, ka san abin da aka yi.

Bango a share shi, a kankare kwaɓin da ya tsattsafo tsakanin bulo, a jiƙa shi da yamma ana gobe za a yi filastar, a sake yayyafa masa da safe. Ya yi danshi, amma kada ruwa ya riƙa kwarara a jikinsa. A ja igiya a kafa alamomin kauri da ɗan kwaɓi tazarar mita ɗaya da rabi, su renji, wato doguwar sandar daidaita filasta, zai bi. Kauri milimita 12 zuwa 15. Inda bulo ya karkace har ana buƙatar fiye da 20, a yi shi sau biyu: a yaɓa na farko, a kakkarce fuskarsa, a bar shi kwana 2 yana shan ruwa, sannan na biyu. In aka tula shi lokaci ɗaya nauyinsa ke jansa ƙasa ya rabu da bango.

Bayan an gama, ban ruwa kwana 7 aƙalla, safe da yamma, a hunturu da bazara har da rana. A fara da yayyafi mai taushi da zarar yatsa ya daina lotsa shi. Bangon da rana ke duka a rataya masa jiƙaƙƙen buhun algarara. Ka sa wannan a cikin cinikin aikin, ka san wanda aka ɗora wa, don birkila in ya karɓi kuɗinsa ya tafi ba wanda ke tunawa da tiyo.

Mai Rola:

Baba Birkila ya gama da ƙashin aikin, bari in taɓa fuskarsa, tunda mu muke gadon abin da suka bari.

Alhaji, fenti shafi biyu in ya bushe kaurinsa bai kai milimita ɗaya bisa goma ba. Ba ya cike rami, ba ya miƙar da tudu, ba ya riƙe yashin da bai kama ba. Abin da ke ƙasa shi zai nuna, kuma in na ƙasa ya saki tare za su zubo. Ka ɗauki ɓawon fentin da ya faɗo ka juya bayansa. In akwai yashi manne a jiki, fentin ya yi aikinsa, filastar ce ta rabu da kanta. In farin gari mai laushi ne, sikiridin ɗin ne ya saki. In bayan fes yake ba komai, to fentin ne bai kama ba, ko don bangon ya yi santsi da yawa, ko ƙura, ko danshi.

Gamawar filasta iri uku ake yi mana, kowace da halinta.

Ta katako: a goge da katakon guga kawai. Fuskar na fita da ɗan kaushi ko'ina daidai, ita ce fenti da sikiridin suka fi kamawa. In za ka yi sikiridin, nan za a tsaya, ƙari ɓata lokaci ne.

Ta soso: bayan katako a bi da jiƙaƙƙen soso. Tana kyau a ido, ta dace da waje, amma soso na wanke siminti daga fuska ya bar ƙwayoyin yashi a sake, musamman in an cika masa ruwa. Kafin fenti dole a goge da dutsen guga ko guntun bulo, a share da burushi mai tauri. In ba haka ba yashin ne zai cika rolar, ya bi bangon gaba ɗaya.

Ta ƙarfe: a danne da cokalin ƙarfe har ta yi sheƙi, wasu har su barbaɗa busasshen siminti ko su shafa ruwansa a kai. Masu gida na son wannan don suna ganin an yi musu aiki mai tsafta, amma ita ce mafi sharri ga fenti. Dannewar na jawo ruwa da lallausan siminti sama, su zama siririn ɓawo mai ƙarfi da ba ya shan komai. Ɓawon nan shi ke tsattsagewa irin yadda ka kwatanta a bangon gabas, fenti kuma ba ya samun wurin kamawa, yana ɓarewa falle-falle. Ka duba, ina kyautata zaton haka aka gama maka wajen.

Kwana 10 kuma ya yi kaɗan, a nan mai fentinka ba shi da bakin magana. Ƙa'ida kwana 28, a damina ko ɗakin da iska ba ta ratsawa har sati 6. Kada farin da bango ya yi a ido ya ruɗe ka. Yanka leda mai kauri santimita 45 kowane gefe, manna ta a bango da salatif ka rufe gefunan huɗu, bar ta kwana ɗaya. In ka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, bango bai shirya ba.

Tsarin da ya kamata a ciki: a share, a shafa firaima (shafin share fage da ake yi kafin fenti) mai jure kaifin siminti shafi ɗaya, sikiridin shafi biyu sirara, jimillarsu kada ta wuce milimita 2, a bar na farko ya bushe kafin na biyu. A goge da samfefa lamba 180 zuwa 220, a kakkaɓe ƙurar tas, a sake firaima a kan sikiridin ɗin, sannan fenti shafi biyu da tazarar sa'a 3 zuwa 4. Wannan firaima ta biyu ita aka fi tsallakewa. Sikiridin na shan ruwa ba daidai ba, shi ya sa kake ganin bango wani wuri na ƙyalli wani wuri ya dushe. Ruwan da za a ƙara wa fenti a bi abin da aka rubuta a jikin bokiti, galibi kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a shafin farko. Wanda ya mai da bokiti ɗaya ya zama biyu da ruwa ya tsinka gam ɗin da ke riƙe launin, shi ne fentin da ke bin riga in an jingina.

Gamawar na taɓa aljihu ma. Lita ɗaya a bango mai sikiridin na rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafi ɗaya, a kan filasta mai kaushi da ƙyar take kai 6. Sannan duk yadda fenti ya ƙara sheƙi haka yake ƙara tona asirin bango. In kana son satin ko silik a falo, ka ɗora fitila a jikin bango da dare haskenta ya bi gefe, duk tudu da kwari za su fito, a gyara kafin a buɗe bokiti. In renjin birkila bai miƙe ba, ka haƙura da mai sheƙi, ka sa wanda ba ya ƙyalli.

Injiniya A.:

Matsala huɗu ka lissafa, Alhaji, kuma ba tushe ɗaya gare su ba, don haka kada a yi musu magani ɗaya.

Koɗewar launi a waje: sabon siminti na da kaifi sosai, ma'aunin kaifinsa, wato pH, na kai 12 zuwa 13. Sai ya daɗe yana shan iska fuskarsa ke saukowa ƙasa da 10, inda yawancin fenti ke iya zama. Kafin nan kaifin na ƙona launi, musamman ja, shuɗi da kore masu haske. Fentin mai ya fi shan wahala, domin kaifin da danshi na narkar da man ya koma kamar sabulu, ya yi danƙo ya saki. Shi ya sa ba a shafa fentin mai kai tsaye a sabuwar filasta.

Kumburin ƙasan falo kuwa ba na birkilan filasta ba ne, ba kuma na jiran kwana 28 kaɗai ba. Danshin da ya tsaya daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu, ya ƙaru da damina, ruwan ƙasa ne ke hawa ta cikin bulo. Yana ɗauko gishiri daga ƙasa da yashi da siminti, in ya iso fuska ruwan ya tashi, gishirin ya daskare a bayan fenti ya tura shi. Abin tambaya: an shimfiɗa ledar hana danshi a kan harsashi kafin a ɗora bulo? In an shimfiɗa, duba ko filastar waje ta sauka ta haye ta har ta taɓa ƙasa, ko an cika tsakar gida da ƙasa ko intalok (bulon da ake shimfiɗawa a ƙasa) har ya wuce tsayinta. Ya kamata ledar ta kasance aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje. Duba kuma ko bayan bangon banɗaki ne, ko indararo na zuba a gindinsa. Muddin ruwa na shiga, kowane fenti za ka saya sai ya ɓare.

A nan zan ƙara kan maganar Mai Rola. Yawancin sikiridin da ake yi yanzu garin POP ne (farin garin da ake yin silin da shi) da gam da fenti. POP ba ya shiri da ruwa, in ya jiƙe laushi yake ya koma gari. Mafi muni shi ne a gauraya shi da baƙin siminti: a wurin danshi su biyun na haɗuwa su haifar da wani gishiri mai kumbura, ya fasa shafin daga ciki. Waje, banɗaki, kicin da ƙasan bango, a yi amfani da sikiridin mai tushen farin siminti wanda aka rubuta na waje ne, ko a haƙura da shi gaba ɗaya.

Tsagar gefen ginshiƙi: kankare da bulo ba sa motsi daidai in zafi ya canza, kuma bulon da aka ɗora shi bai gama bushewa ba yana ci gaba da tsukewa a cikin bango. Maganinsa a sashen baya: a buga ragar waya mai faɗin santimita 30 a kan mahaɗar, 15 kowane gefe, kafin filasta. Haka a kan linta (kankaren saman ƙofa da taga) da duk inda mai wayarin ya sassaƙa bango ya binne fayif, bayan an cike ramin an bar shi ya sha ruwa. Jikin kankaren kuma santsi gare shi, sau da yawa da sauran baƙin mai da aka shafa wa katako. A wanke, a sassare shi, a watsa masa kwaɓi mai ruwa-ruwa na siminti 1 yashi mai kaushi 2, a bar shi kwana 2 yana shan ruwa. Amma in tsagar ta karkata ne, ko faɗinta ya kai milimita 3, ko tana ƙaruwa, wannan ba zancen filasta ba ne, a kira wanda zai duba harsashi.

Gargaɗi ɗaya: kada jin an yi rowar siminti ya sa ka ce a yi buhu 1 baro 1. Kwaɓi mai yawan siminti ya fi tsukewa, ya fi tsagewa, kuma in ya fi bulon da ke bayansa ƙarfi yana ɓamɓaro fuskar bulon. Siminti mai lamba 32.5 (lambar ƙarfinsa da ke jikin buhu) ya wadatar wa filasta, yana ma ba birkila ɗan ƙarin lokaci. In 42.5R ne a hannu, yana kamawa da wuri, sai a rage yawan kwaɓi a ƙara kula da ban ruwa.

Baban Ummi:

Allah ya saka da alheri. Na duba: ɓawon falo farin gari ne a bayansa, kuma intalok ɗin tsakar gida ya kusa kai tsayin daɓen ɗaki. Bangon gabas santsi ne sosai kamar yadda Mai Rola ya ce. Wani ya ba ni shawarar in bi wajen da fenti mai kaushi irin Texcote ya rufe komai. Ya kuke gani? Sannan zauren gidan tsohon ginin ƙasa ne, shi ma ina so a yi masa filastar siminti.

Mai Rola:

Mai kaushi zai ɓoye tsagar shekara ɗaya ko biyu, amma nauyi gare shi, in na ƙasa bai kama ba da faɗi zai ɓallo. Yana kuma tara ƙurar hunturu, ruwan farko ya zana maka ita a bango. Ba a fara shi sai an gyara ƙasa.

Ɗauki guduma ƙarama ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙarar ganga ka zagaye da alli, wurin ya rabu da bulo, sarewa za a yi a sake, a jira shi kwana 28 kamar sabo. Inda yake daram, a kankare duk fentin da ya saki, a goge santsin da dutsen guga har fuskar ta buɗe. Gwajinsa: yayyafa ruwa, in ya shige cikin minti ɗaya ya yi, in ya gangaro a ƙara gugawa. Ƙananan tsagar da farce ba ya shiga, firaima da fentin waje mai akirilik shafi biyu sun isa. Wadda farce ke shiga a buɗa bakinta, a share, a cike. Katangar mai zubar da yashi, karce ta da ƙusa: in fuskar kawai ke zuba ciki na da ƙarfi, ruwan firaima mai shiga jiki ya ɗaure gari zai cece ta. In ƙusar ta nutse har bulo, babu abin shafawa da zai gyara, sai sabuwar filasta.

Falo kuma a fara da intalok, a sauke shi a gefen bango a ba ruwa hanya. Sannan a kankare sikiridin har santimita 30 sama da inda danshin ya tsaya. Gishirin a goge shi a bushe da burushi, kada a wanke, ruwa mai da shi ciki yake ya sake fitowa. A bar bangon tsirara har rani ya yi nisa, ana gogewa duk sati, sai ya daina fitowa kuma gwajin leda ya fita a bushe. Kada a rufe wurin da tayil ko fentin mai don a huta, danshin hawa zai yi ya ɓullo a samansu.

Ɗan Damagaram:

Kan zauren, Alhaji, a yi hattara. Siminti ba ya kama jikin ƙasa. Ginin ƙasa na shan danshi ya fitar, yana ɗan kumbura ya koma, siminti kuwa a sandare yake. Da ya tsage ruwa zai shiga bayansa ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe tana narkewa a ɓoye, wata rana falle guda ya faɗo da rabin bangon a jikinsa. Maginan zamanin da sun san haka, shi ya sa suke yaɓe da makuba ta kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, abubuwan da ke kore ruwa amma bango na numfashi.

In zauren na da lafiya, a sabunta yaɓensa a bi da farar ƙasa, a gyara indararo ya riƙa jefa ruwa nesa da gindi. In dole sai siminti, a buga ragar waya da dogayen ƙusoshi a duk faɗin bangon, a yi kwaɓi mara ƙarfi, buhu 1 baro 4, da farar ƙasa a ciki in an samu, a rufe kan bangon da kyau yadda ruwa ba zai shiga ta sama ba. Fentinsa na ruwa mara sheƙi, ban da na mai. Kuma duk ƙarshen rani a zagaya a cike tsagar da ta buɗe kafin ruwan farko ya sauka.